Babi na Biyar da Na Ƙona

Farantan silba biyu ne suka haɗu a hannuna suka ce kas, ina wanke-wanke da hantsi a gindin famfo. Da a gidan kowa ne, da an ɗauraye an kife a kwando an wuce wurin. Ni kuwa Allah ya haɗa ni da mijin da ke koyar da fiziks a jami'a, ga shi ranar Asabar ce yana gida. Sai ga shi ya fito daga ɗaki da singileti, biro a bayan kunne, ya ce in sake haɗa su ya gani.

Na sake haɗawa. Suka manne, sai da na zame ɗaya gefe suka rabu. Ya ce wannan ruwa ne ya riƙe su, ba abin mamaki ba ne. Amma da zan shanya su su bushe ƙarau, in kai su inda babu ruwa, babu iska, babu haske, babu ko ƙwayar ƙura, in matso da su kusa da juna har silin gashi ya gagara shiga tsakani, da sun ja juna sun haɗu da kansu. Na tambaye shi wa zai ja su. Ya ce wurin da babu komai ɗin ne zai yi aikin.

Na ce, "Malam, ka karya kuwa yau?"

Ya ce ya karya, ni ce ma na ba shi. Ya jawo kujera 'yar tsugunno ya zauna kusa da kumfar sabulu, ya shiga yi mini bayani. Shekararmu bakwai da aure a lokacin, muna haya a unguwar Moduganari a Maiduguri, 'yarmu ɗaya mai shekara biyar, kuma ban taɓa tambayarsa ainihin abin da ya je Turai ya karanta ba. Na gama sakandare, na san maganaɗisu, na san abin da ke sa mangwaro ya faɗo ƙasa. Na ɗauka nasa ma irin wannan ne, an dai ƙara masa wuya don a ba su albashi.

Abin da na fahimta daga bakinsa a ranar shi ne, filin da muke cewa babu komai a cikinsa ba ya zama shiru. Kullum yana rawa kamar fuskar ruwan tafki, igiyoyi manya da ƙanana suna tashi suna kwanciya ko ba wanda ya jefa dutse. A tsakanin farantan wuri ya yi ƙunci, igiyar da tsawonta ya dace ce kaɗai take samun wurin zama. A waje kuwa kowace iri tana nan. Na waje sun fi yawa, sai su turo farantan ciki. Na ce ashe kamar gidan biki ne a unguwar Lamisula, mata biyu da ba sa gaisawa cunkoso ya haɗa su kafaɗa da kafaɗa suna hararar juna. Ya yi dariya har biron ya faɗa cikin ruwan wanke-wanke.

Wannan ɓangaren, in ji shi, wani ya riga ya lissafa tun kafin a haife ni. Nasa aikin shi ne ya gano abin da zai faru in filin da kansa ya lanƙwashe, kamar kusa da tauraro mai tsananin nauyi. Na ce fili kuma yana lanƙwashewa? Ya ce in tuna yadda katifarmu take yi in Yayansa ya zauna a bakin gado, komai ya gangaro wajensa, har carbi da filo. To a irin wannan wurin, farantan za su ja juna ne, ko za su ture juna, kuma da ƙarfi nawa. Na tambaye shi ko akwai wanda zai je kusa da tauraron da farantai ya gwada. Ya ce babu. Na tambaya ko abin yana warkar da wani ciwo. Ya ce babu. Na ce to Allah ya ba da sa'a, na tsamo masa bironsa.

Yayan nasa shi ne babba a gidansu da ke Limanti. Kakanninsu makiyaya ne, iyayensu suka shigo gari suka zama dillalan shanu, shi Yaya har yana loda tirela zuwa kurmi. Mutumin kirki ne, mai jiki, mai dariya da ciki. Ni amarya yake ce mini har na yi furfura, ƙanen nasa kuma Bature. Matsalarsa ɗaya, yana son ɗan gida mai boko da zai riƙa bin shanun, ya yi magana da masu tsare hanya cikin harshensu, ya karanta takardun da ake miƙo musu. Malam kuwa ya dawo daga Turai bai kammala digirinsa na uku ba, saura babi ɗaya a kundinsa, shekara tana bin shekara yana cewa ya kusa. Ranar wata Sallah Yaya ya tsare shi a gaban Hajja mahaifiyarsu, Malam kuma cikin zuciya ya ce in wa'adin ƙarshe da jami'ar can ta ba shi ya wuce bai miƙa ba, zai ajiye alli ya bi tirela. A gidan nan maganar da aka yi a gaban Hajja ba a janye ta.

Ni na san mijina. Wannan mutum ne da wani bijimi ya taɓa kallonsa kawai a kasuwar shanu, aka same shi a kan katanga, hularsa a ƙasa. In zai yanka kaza sai ya kawar da kai. Tunanin ya yi kwanaki a saman tirela, rana tana dukansa, ƙaho yana wucewa ta ƙarƙashin ƙafarsa, ya ishe ni rasa cin abinci. Ban damu da tauraronsa ba. Ina dai son ya zauna inda Allah ya yi shi don ya zauna.

Hajja ta fi kowa saurin fahimtar karatun nasa. Da na kwashe bayanin farantan na kai mata, rabi da Hausa rabi da Kanurina mai ɗingishi, ta saurara tana jan carbi, ta ce ai an daɗe da sanin ɗakin da babu kowa akwai masu shi, shi ya sa ake sallama kafin a shiga. Abin da ya ba ta mamaki shi ne a ce sai an hau jirgi an je ƙasar da ba a kiran salla kafin a gane haka. Da na gaya wa Malam ya ce ba aljannu yake nufi ba. Hajja ta aiko masa cewa ya kira su da sunan da ya ga dama, amma ya riƙa addu'a kafin ya zauna lissafa su.

Bai ma buƙaci wannan shawarar ba. Tun yana makarantar allo ya saba, duk takardar da zai fara rubutu a kai sai ya sa Bismillah da Larabci a samanta, ko da jerin sunayen ɗalibai ne. Wannan ya ɗora mini aiki. Takardar da ke ɗauke da sunan Allah ba a jefa ta bola, ba a ba mai ƙosai ta naɗe, ba a barin akuya ta tauna. Haka uwata ta koya mini. Malam kuwa a rana ɗaya yana iya ɓata shafi goma. Sai muka yi tsari: akwai kwalin madara a ƙarƙashin teburinsa, duk abin da ya gama da shi ya jefa ciki. Ni kuma kowace Juma'a da safe in kwashe, in ƙona a wani kasko mai tsabta da na ware, in binne tokar a gindin dogonyaron da ke bayan ɗakinmu inda ƙafa ba ta takawa. Shekaru ina haka, ina kuma jin daɗin yinsa, don shi ne nawa hannun a karatun.

Bayan ranar farantan hannuna ya ƙaru. Mai buga masa kundin a jami'a ta tafi haihuwa, ni kuwa na koyi tafireta a sakandare. Maƙwabciyarmu, wata akawu 'yar kudancin Barno da muke musayar abincin Sallah da na Kirsimeti, ta ara mini tata. Tafiretar ba ta da haruffan da Malam ke lissafi da su, don haka yadda ake yi a zamanin shi ne, mai bugu ya buga zancen, in ya zo wurin lissafi ya bar gurbi, mai kundin ya zo ya cike da alƙalami. Lokacin takarda ta yi tsada, kuma malamar da ta koya mana bugu ta tsani ɓarnar wuri kamar zunubi. Saboda haka nakan ɗora rula a kan kowane lissafi na rubutun hannunsa in auna, in bar gurbi daidai da shi, in ɗiga fensir a inda zai fara da inda zai ƙare. Rubutun Malam ƙanana ne kamar jerin tururuwa, ba ya canza girma ko yana fushi.

Tun da ban san sunayen alamomin ba, sai na raɗa musu nawa. Akwai ƙugiya, wata doguwa mai lanƙwasa sama da ƙasa. Akwai 'yar tsugunno mai ƙafa biyu. Akwai tsutsa, wadda shi ma kansa ba ya rubuta ta iri ɗaya sau biyu. Akwai takwas da ta gaji ta kwanta, ya ce ita ce abin da ba shi da iyaka. A kanta muka fi yin musu, domin ya ce in ya tara ƙarfin igiyoyin da ke tsakanin farantan jimlar ba ta da iyaka, na waje ma ba su da iyaka, sai ya ɗebe wannan daga wancan ya samu ɗan saura, ɗan sauran nan shi ne amsar. Na ce in ni na auna masa gero da irin wannan mudun ai sai ya kira mini malamin ruƙiyya. Ya ce manyan masana ma sun daɗe suna jin kunyar abin, amma yana aiki.

Muka yi babi huɗu lafiya lau, don ya ce gara a sake buga tsofaffin su zama bai ɗaya. Ina bugawa da safe bayan na kai yarinya makaranta, shi kuma in ya dawo da la'asar ya cike guraben, ya jefa rubutun hannun a kwali. Babi na biyar shi ne sabon, shi ne na tauraron, wanda ya ci masa shekara uku. Wani abokin aikinsa zai tafi ƙasar da Malam ya yi karatu ba da jimawa ba, shi zai riƙe kundin a hannu ya kai wa farfesan da ke duba aikinsa, don gidan waya a lokacin sai wanda ya shirya haƙuri. In abokin ya tashi babu kundi, wa'adi ya wuce.

Na gama buga babin ranar Alhamis da azahar, na jera shafukan a ambulan, na ɗora rubutun hannun a kan tebur. A makon ne aka gama jarrabawa, Malam ya shigo da ɗaurin takardun ɗalibai har ƙirji. Bai sami inda zai sauke su ba, sai ya ɗauke rubutun babin ya sa a cikin kwali, wai don kada ya cakuɗe da na ɗalibai. Bai cike ko gurbi ɗaya ba. Bai kuma gaya mini ba.

Juma'a da safe na yi alwala, na ɗauko kwali. Na ga babi na biyar a sama, na ce ma sha Allah, Malam ya yi himma. Ambulan yana nan a kan kabad, taku uku tsakanina da shi, ban buɗe ba. Na ƙona su shafi-shafi a nitse ina salati, har ina lura da yadda ƙugiyoyin ke yin ja kafin su yi baƙi. Na binne tokar, na yayyafa ruwa, na je na ɗora burabusko.

Da ya dawo daga masallaci ya ci abinci ya wanke hannu, ya durƙusa ya jawo kwali. Ina kallonsa ta ƙofa. Ya leƙa, ya juya kwalin ya girgiza, kamar takarda arba'in za su maƙale a kusurwa. Ya ɗago ya dube ni. Na nuna masa wajen dogonyaron da hannu. Ya je ya tsaya a gindin dogonyaron ya daɗe yana kallon ƙasar da ta jiƙe.

Ya ce, "Allah ya karɓi ibada."

Daga nan ya rufe baki. Malam ba ya zagi, ba ya ɗaga murya, da ma zai yi da na fi samun sauƙi. Shiru yake yi, shirun da in ka shiga ɗaki sai ka ji kamar ka taka wa wani sallaya. In yana son ruwa sai ya gaya wa 'yarmu, ita ta zo ta gaya mini, ni da shi tabarma ɗaya ce tsakaninmu. Ita kaɗai ce shirun bai ci ba. Takan haye bayansa ta cire masa hula ta tambaye shi ko kifi yana jin ƙishirwa, ya yi ta maza na ɗan lokaci, ƙarshe ya amsa. Ni kuwa na yi kuka a kicin, na yi istigfari, a tsakiyar istigfarin kuma zuciyata tana cewa wa ya aike shi sa babi a kwalin shara. Saura kwana goma sha takwas abokin ya tashi.

Labari ba ya kwana a Maiduguri. Ranar Lahadi sai ga Yaya ya zo jaje, ya zauna a bakin gado, filo ya gangaro ya same shi. Ya zo da malafa sabuwa da sanda mai kyau, ya jingine su a jikin teburin. Ya ce da ni, amarya, kin yi wa zuri'a aiki, Allah ya yi miki albarka. Ya ce da Malam kada ya damu, shanu ba su da wuya, su ma in ka matso da biyu kusa da juna sukan haɗu da kansu, kuma ana ganin abin da ido. Malam ya yi murmushin da bai kai ko'ina ba. Bayan tafiyar Yaya, Malam ya zauna yana kallon malafar, na ga fuskarsa ta koma ta yaron da aka kai makarantar kwana.

Washegari da safe na ɗauko ambulan na zazzage a gabansa ba tare da ya nema ba. Shafi talatin da ɗaya, zance tsaf babu kuskuren harafi, tsakanin zancen kuma farar takarda da ɗige-ɗigen fensir. Na sa yatsa a gurbin farko na ce nan ƙugiya biyu ne a jere, sai 'yar tsugunno a ƙarƙashin layi. Na biyu gajere ne, tsutsa ce da ƙaramin biyu a kafaɗarta. Bai ɗago ba, amma na ga ya jawo takarda ya rubuta Bismillah.

Haka muka shiga. Hutun jarrabawa ya taimaka, ya kai takardun ɗalibai ya dawo ya zauna. Ni ba na fahimtar ko layi ɗaya, amma na yi makonni ina auna su da rula, siffarsu ta zauna mini kamar zanen lalle. Shi ya san hanya, ni na san inda aka tsaya aka sha ruwa. In ya fitar da lissafi sai ya gwada shi tsakanin ɗigona biyu. In ya shiga daidai sai ya yi gyaran murya ya wuce na gaba, wannan gyaran muryar ita ce godiyar da nake samu. Da farko ta bakin yarinya yake tambayata, har ranar da ta ce ita ta gaji, ba ta iya faɗin sunan tsutsar da yarensa. Sai ya juyo ya ce, "Nan fa, layi nawa ne?" Wannan ce maganarsa ta farko gare ni a kwana shida, na kuma amsa kamar ba komai, na fita na zuba wa miya gishiri sau biyu.

Bazara ce, fanka tana juya zafi in an kawo wuta, in an ɗauke mu fito ƙarƙashin rumfa da tabarma mu danne takardu da duwatsu. Maƙwabciya takan leƙo ta katanga ta ce tana sa mu a addu'a a cocinsu, ta ce dai ba ta san yadda za ta bayyana wa fasto matsalar ba. Hajja ta aiko da rubutun sha a kwalba, Malam ya shanye bai yi musu ba.

Saura kwana huɗu muka iso gurbin ƙarshe, wanda duk babin yake gangarowa zuwa gare shi. Ɗigona biyu suna kan layi ɗaya, tazararsu ba ta kai taƙi ba. Abin da Malam ya fitar kuwa layi biyu ne da rabi. Ya sake bi daga sama, ya sake samun layi biyu da rabi. Ya ce na yi kuskuren awo. Na ce rula ba ta canza ba tun shafin farko. Ya ce wataƙila na tsallake layi. Na ce ban tsallake ba, kuma na tuna sarai babu takwas kwance a na ƙarshen, don har na ce a raina yau dai ta tashi ta tafi. A nasa sabon kuwa ga ta nan kwance a layi na biyu.

Ya ajiye biro ya ce, "Yanzu tafireta ce za ta koya mini fiziks?"

Na ce, "A'a Malam, ni ban san fiziks ba. Na dai san abin da na ƙona."

Ya so ya rubuta dogon a haka, ya matse rubutun ya bi da shi gefen shafi. Ya ce lokaci ya ƙure, farfesan ya gyara in ya ga dama. Na ɗauki shafin na sa a cikin lafayata na ce ba zan ba da shi a ɓata ba. Ban taɓa yi masa haka ba, ban kuma sake ba. Ya dube ni, ya dubi malafar Yaya da har lokacin take jingine a wurin, ya ɗebi takardunsa ya fita rumfa.

Kwana biyu yana can. Ina kai abinci ina ɗauko shi da rabi. Na yi ta tunanin in ni ce na yi kuskure fa, in idona ne ya ruɗe ni, na ƙona masa babi sannan na cinye masa kwanakin da suka rage da taurin kai. A sallar azahar ta rana ta biyun na roƙi Allah abin da ban taɓa zaton zan roƙa ba, na ce ya Ubangiji ka gajarta wannan lissafi.

Da la'asar ina tankaɗe ya shigo kicin, wurin da ba ya shiga, ya miƙo hannu. Na goge hannuna na ciro shafin na ba shi. Ya ce cikin gaggawa ya manta ya ɗebe rabon lanƙwasasshen filin shi kaɗai, wanda yake nan ko da farantai ko babu. Da ya ɗebe, takwas ɗin ta tafi da duk jama'arta. Ya ɗora shafin a kan murfin tukunya ya rubuta a tsaye. Alƙalamin ya tashi daga ɗigon farko ya sauka a kan na biyu, bai rage ba bai wuce ba. Na tambaye shi to yaya farantan suka ƙare a kusa da tauraron. Ya ce suna nan suna jan juna, lanƙwasar ta ɗan taɓa ƙarfin ne kawai. Na ce shekara uku da babi guda da gishirin miyata, duk don a ce abin yana nan kusan yadda yake. Ya ce ai kafin yau ba wanda ya san kusan ɗin nawa ne. Shafin ya tafi Turai da ɗan tabon garin masara a kusurwa.

Abokin ya tashi da kundin a jakar hannu. Watanni suka wuce, aka kira Malam ya je ya kare aikinsa, ya dawo da takardar da yake nema da mura. Muka je Limanti, ya durƙusa ya nuna wa Hajja, ta shafa ta tofa addu'a ta ce a ajiye ta inda yara ba sa kaiwa. Yaya ya rungume shi har ƙafarsa ta bar ƙasa, ya ce shi ke nan, shanu sun huta. Ya ce in riƙe malafar, wataƙila Bature zai buƙace ta in za shi wurin tauraron.

Bai yi sati biyu da dawowa ba ya fara wani sabon lissafin, wannan karon wai farantan sun zama ƙwallo ɗaya a cikin ɗaya. Kwali ya sake cika. Juma'a ta zo, na yi alwala, na tsaya a bakin teburin da kasko a hannu na kasa sunkuyawa. Ya riga ya ce mini duk na ciki shara ne, na tambaye shi sau uku kafin ya fita. Amma ina tsaye ina kallon Bismillah ta saman shafin farko, ga tsutsa a ƙarƙashinta. 'Yarmu tana zaune a ƙofa tana cin gyaɗa, ta dube ni ta ce, "Mama, ki ƙona kawai. In wani abu ya ɓace ki ce ni ce. Ni Baba ba ya iya yi mini shiru."